Ɗigo a Kan Ra

Ranar ashirin ga watan Ƙaramar Salla, shekara ta 1370

Takarda daga hannun mijinki Muttaƙa zuwa ga Kaltume 'yar marina. Gaisuwa mai yawa, da so da yarda da aminci. Ina fata kina lafiya, ke da yara da Baba da duk mutanen gida. Yaya tarin Hinda? Yaya ƙafar Baba, tana barinsa zuwa karofi? In kin tambayi tawa lafiyar, lau nake, sai kewa.

Bayan haka, na iso. Kwana uku na yi a hanya. Ban bi ta Bande ba, kamar yadda kika gargaɗe ni, na yanki gonaki har na ɓullo gabas da Dungas. Gwaggo Daso ba ta tambaye ni komai ba sai da na shanye ƙwaryar fura. Da na ba ta labari ta ce tun ina yaro ta san bakin nan nawa sai ya ja mini, dama an san a rina, wai an saci zanen mahaukaciya. Na roƙe ta ta bar ambaton rina a gabana, ita ta raba ni da gidana.

Ga dabarar da ta yi. Ta ce muddin na buɗe baki a ƙauyen nan, kafin mako an san ko ni wane ne, tunda ba na iya sayen goro ban ƙulla wa mai goron baiti ba. Sai ta shaida wa maƙwabta cewa ni ɗan ƙanenta ne, zazzaɓi ya ɗaure mini harshe tun bara. Yanzu sunana Bebe. Ki yi dariyarki, na yafe. Mutumin da kike cewa ko barci yake bakinsa na motsi, yau kwana tara bai ce wa kowa ko sannu ba. Shekaranjiya jakin maƙwabci ya take mini babban yatsa, na haɗiye abin da ya zo mini baki, har Gwaggo ta ce lallai tsoro ma malami ne.

Ranar da na fito ba mu samu zama ba, kina ɗaure mini ƙullin gari kina kuka, ni ina neman takalmi. Abin da ya faru a masallaci a bakin mata kika ji shi. To ga shi daga wanda aka yi a kansa. Da aka sallame Juma'a, Malam Sallau ya miƙe da takardar waƙata a hannu, wadda gardinsa ya zo ya ara wai zai kwafa don albarka. Kin san baitin farko:

Babu laifi a rina, a je a yi salla,
Shuɗin hannu ba ya raba ka da Jalla.

Shi kuwa da ya buɗe baki sai ya karanta wa jama'a babu laifi a zina. Na zabura na ce ƙarya ne, rina na ce, rinin tufafi, sana'ar surukina. Ya ce in matso in duba da idona. Na matsa, Kaltume, na duba. Akwai ɗigo a kan ra. Ɗigon nan ɗaya ya mai da ra zaira, rina ta koma zina, ni kuma na koma wanda ya halatta abin da Allah ya haramta. Ya juya ya ce wa mutane wanda ya halatta haram ya bar Musulunci, kowa kuwa ya san hukuncinsa. Ya tambaye ni rubutun hannun wa ne. Na ce nawa. Daga nan ban ƙara jin komai ba sai hayaniya, wani ya fizge mini rawani, wani ya jefo dutse ya sami na kusa da ni. Ba don marina sun kewaye ni ba, da kuma hadarin nan da ya kece ya watsa taron, da yanzu takaba kike yi.

Ban yi nadamar waƙar ba, kada ki zaci haka. Mutum ya shekara arba'in a sahun gaba, rana ɗaya a ja shi da hannun riga a ce ya koma baya, wai shunin da ke hannunsa yana hana ruwan alwala taɓa fata, don haka sallarsa ba ta yi ba. Na ga fuskar Baba a ranar. Malam Sallau kuwa yana yanke wannan hukunci da baƙin rawani a kansa, wanda Baban da kansa ya rina ya buga masa. Baitin da na yi a kan rawanin nan shi ya ƙona masa rai, na sani, kowa ma ya sani.

Maganar wanda ya rubuta takardar kuwa, kin sani, na sani, Allah ya sani, mu uku mun isa. Na ce hannuna ne, a bar shi a haka.

Gumsu dillaliya takan zo cin kasuwar Dungas ta tara fararen zannuwa ta kai wa marina. A cikin ninkin zane za ki sami wannan, ta nan kuma za ki maido amsa. Ki gaishe da Baba, ki ce ya yafe mini wahalar da na jawo masa. Ki dinga ba Hinda ruwan ɗumi da zuma. Haza wassalam.

Naki, Muttaƙa.


Ranar sha bakwai ga watan Bawa

Zuwa ga Kaltume, gaisuwa da fatan alheri, da tambayar lafiyarki da ta yara. Takardarki ta iso ranar Lahadi. Sau nawa na karanta ta ba zan faɗa ba, kada kanki ya kumbura. Na gode Allah da tarin Hinda ya sauka.

Nan marka ake yi. Ina bin Gwaggo gona, hannun da bai san komai ba sai alƙalami yanzu duk kanta ce. Mutanen ƙauyen kirki gare su, sai dai sun ɗauka wanda ba ya magana ba ya ji. A gabana ake gulmar kowa. Da ina da baki da na yi waƙa goma.

Wani abu yana ba ni haushi. Na haɗa tawada kamar yadda muka saba, baƙin tukunya da ƙaro, amma sam ta ƙi yin kyau. Na ajiye takardarki kusa da tawa a rana, taki tana wani sheƙi kamar wuyan tantabara, tawa kamar an shafa gawayi. Na ce wa kaina ko dai hannun ne. Dama kin sha cewa rubutuna kamar kaza ta bi ta kan taɓo.

Yanzu maganar da kika rubuto. Na karanta wurin har idona ya yi duhu. Wato Malam Sallau ya zo har zauren Baba da gardawansa ya ce auren mai ridda ya warware, ki fara idda. Shekara goma sha shida, da 'ya'ya huɗu, da biyun da muka binne, duk ɗigo ɗaya ya share? Na gode wa Sarki da bai yanke nan take ba, amma wa'adin da ya bayar ma wuƙa ce. In dawo kafin ranar Cika-ciki, in tuba a gaban jama'a, in ƙone waƙoƙina da hannuna, in ce hukuncin da aka yi wa marina daidai ne, in rantse ba zan sake ƙulla baiti ba. In ban zo ba a raba mu. Na fahimta daidai ko?

Kin ce wasu sun ba Baba shawara a kai kuka Magarya wurin kumandan. Kada a je. Nasara bai san ra ba balle zaira. Abin da ya sani shi ne kada a yi hayaniya ga lanho, harajinsa, bai gama shiga ba, ga gyaɗa na tafe. Tafinta zai ce masa ga wani malami ya yi rubutun da ya tada gari, shi ke nan sai kaso, a ɗaure ni, a kwashe takarduna a kai biro, ofishinsu, a kulle. Gwaggo kuma cewa take in ƙetare, iyaka ga ta nan tafiyar hantsi, in shiga ƙasar Ingilishi in sake suna. Na ce mata can ɗin ba Kaltume. Ta ce ashe beben nata har yanzu da sauran baki.

Bari in gaya miki abin da ya same ni ranar Talata. Ina zaune gindin itacen bedi ina gyaran ƙotar hauya, matan gidan da ke bayanmu suna daka. Sai na ji wata ta ɗauko waƙa, sauran suna amsawa da luguden taɓarya. Kaltume, waƙata ce. Babu laifi a rina suke cewa, rina, da ra ɗinta tsaf, ba wadda ta ce wani abu daban. Sun karya mini baiti na uku, sun ƙara wani nasu a kan wata mai rowar gishiri, amma ita ce. Ban san wa ya kawo ta nan ba. Na so in miƙe in ce ni ne, ni na yi ta, ga yadda baiti na uku yake. Sai na sunkuyar da kai na ci gaba da fiƙar ƙota, hawaye na zuba a kanta. Wata tsohuwa ta wuce ta ce wa Gwaggo beben nan nata yana da ciwon ido, a nema masa tozali.

Kin ce mata sun daina gaishe ki a bakin rijiya. Ki yi haƙuri. Waɗanda kika rubuta wa takardun aika wa 'ya'yansu a ɓoye suna cikinsu, na sani, kuma kunyar kansu suke ji. Ki ci abinci. Gumsu ta ce kin rame, ba kuwa na son ta ƙara kawo mini irin wannan labari.

Ina tunaninki da safe in na ga hayaƙi ya tashi a gidajen mutane. Ki gaida Baba da yara. Haza wassalam.

Mijinki, Muttaƙa.


Kwana uku bayan Babbar Salla

Zuwa ga Kaltume. Barka da Salla, Allah ya maimaita mana muna tare. Ina gaishe ki, ina gaida Baba da yara, da fatan kun yi Salla lafiya. Ni a bayan sahu na yi idi, ba wanda ya san ni, na ci naman layyar mutane da hannu ina godiya da ka.

Kin nemi in ba ki izini ki je ki ce ke kika rubuta takardar, kuma rina kika rubuta. Ban ba ki ba. Ki ji dalili, don na daɗe ina ɓoye miki wani abu, yau sai na faɗa.

Kin tuna ranar da muka rubuta ta? Ina kai da kawowa a tsakar gida ina faɗa, kina zaune bakin ƙofa kina rubutawa, Hinda a cinyarki. Na ga lokacin da ta ja miki gwiwar hannu, kika ce kai yarinyar nan. Ban duba takardar ba bayan nan, don ban taɓa duba aikinki ba, ban taɓa samun abin gyara ba. A masallaci kuwa na ga ɗigon da idona. Baƙi ƙirin ne, ya fi duk sauran rubutun duhu, irin wanda ke faɗowa in alƙalami ya sha tawada da yawa. Tun a wurin zuciyata ta ce mini daga hannunki ya ɗiga. Shi ya sa da aka tambaye ni na ce nawa ne.

Wallahi ban taɓa riƙe ki a zuciya ba, ko na ƙiftawar ido. Tawada ce, ɗiga take yi. Amma ki duba abin da zai biyo baya. Ni namiji ne, malami, an san ubana, duk da haka dutse aka jefo mini. Ke in kika tsaya kika ce hannunki ne, cewa za su yi mace ta zauna ta rubuta zina da hannunta, kuma ba za su tsaya jin zancen yarinya ta ja gwiwar hannu ba. Gumsu ta gaya mini abin da gardawan ke faɗa a kasuwa a kan hannun da ya yi rubutun. Hannun nan ni na san shi tun bai iya riƙe alƙalami ba.

Kin tuna shekarar da aka kawo ki? Kika same ni ina wanke allo, kika ce mene ne wannan mai kama da lauje. Na ce ra ce. A toka kika fara, bakin murhu, da ɗan yatsa, in an yi sallama ki shafe da ƙafa. Kafin a yaye yarinyarmu ta fari kin wuce ni. Duk waƙar da mutane suka yaba wa kyan rubutunta suka ce Malam Muttaƙa akwai hannu, na karɓi yabon ban ce uffan ba. Na ci daɗin ƙaryar shekara da shekaru, yanzu ki bar ni in ci ɗacinta ni kaɗai.

Kada ki yi kuka a kan wannan, kada kuma ki ce ke kika jawo. Bakina ne ya jawo. Ko ba ɗigo da sun sami wani abin, tunda wanda ya yi niyyar dukan kare ba ya rasa sanda.

Gero ya fara nuna a nan. Gwaggo ta aiko miki da daddawa da ɗan kuka, tana gaishe ki, ta ce ke ce mai hankalin gidan. Haza wassalam.

Naki har abada, Muttaƙa.


Ranar ashirin da takwas ga watan Layya

Zuwa ga Kaltume, bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka. Gumsu ta zo kasuwa hannu wofi, ta ce ba ki ba ta komai ba. In fushi kike da abin da na rubuta, kina da gaskiya, ki yafe mini.

Na yanke shawara. Zan taso ranar bakwai ga wata, in iso kafin Cika-ciki. Zan tsaya inda suka ce in tsaya, in tuba daga maganar da ban faɗa ba.

Na juya abin ta kowace fuska. Na ce wa kaina in na yi haka na tabbatar musu da ƙaryarsu, na kuma nuna wa duk mai ɗan baiti a baki cewa ɗigo ɗaya ya isa a rufe shi. Wannan yana ci mini rai, ba zan ɓoye miki ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne in tsaya a gaban Baba in ce sallarsa ta shekara arba'in ba ta yi ba. Ki gaya masa tun yanzu cewa harshe ne zai faɗa. In ya ga dama ranar kada ya zo masallaci.

Amma na auna waƙa na auna ki. Wata biyu da 'yan kai na yi ina bebe na ƙarya, na ga abin ba ya kisa, ana ci ana sha ana barci. Rashinki kuwa ban ga yadda zan yi da shi ba. Ba zan zauna a nan in ji an ce kin gama idda ba.

Ki fito da gafakata, ki tattara takardun duka, har da ta raƙuma da ta lanho da ta mai goro, kada ki ɓoye ko ɗaya, don za su bincika. Abin da ke ba ni tausayi, rubutunki ne zai ƙone. Wadda na yi miki ta amarci kuwa ba a takarda take ba, ita ba ruwansu da ita.

Ki sa a share mini ɗakina. Ki ce wa Hinda Baba yana tafe. Haza wassalam.

Muttaƙa.


Ranar huɗu ga watan Cika-ciki, shekara ta 1371

Takarda daga Kaltume zuwa ga Malam. Gaisuwa da biyayya da fatan kana lafiya, kai da Gwaggo. Yara suna lafiya, Baba yana gaishe ka. Na ba Gumsu goro ta yi tafiyar nan ba ranar kasuwa ba, don ta same ka kafin ka ɗaura takalmi.

Bayan haka, Malam, ban fito da gafaka ba, ba kuwa zan fito da ita ba. Takardarka ta ƙarshe ta same ni na riga na je na dawo. Ka hana ni, na kuma saɓa maka, karo na farko ke nan tun da aka kawo ni. Ka yi mini faɗa in ka zo.

Da ka rubuta cewa ɗigon baƙi ƙirin ne, ya fi sauran rubutun duhu, na ajiye takardar na yi sujada. Malam, tawadata ba baƙa ba ce. Kai kake kawo baƙin tukunya da ƙaro, ni nake damawa, kuma tun ranar farko nakan murza ɗan shuni in zuba, don 'yar marina ba ta iya ganin ruwa baƙi tsurarsa ta ƙyale shi. Shekara goma sha biyar kana cewa rubutuna na sheƙi, ba ka taɓa tambayar abin da ke cikin kurtun ba. Wai wuyan tantabara. Shuni ne.

Na gaya wa Baba. Ya aika aka kira marina. Ranar Alhamis da hantsi muka tafi ƙofar Sarki, ni da lulluɓina da kurtuna da ɗan curin auduga, su goma sha ɗaya a bayana. An ce mace ba ta shiga zaure. Baba ya ce to a fito da zauren waje. Sarki ya yi dariya, ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a gindin durumi, ya aika a kira Malam Sallau da takardar.

Na ce ni na rubuta. Malam Sallau ya ce ƙarya ce, miji ake son a fitar, ina mace ina irin wannan hannu. Na roƙi farar takarda na rubuta baitin a gabansu, aka ajiye kusa da waccan, liman ya duba ya ce hannu ɗaya ne. Nan wani gardi ya ce to ai ga mai laifin ta kawo kanta.

Sai na roƙi Sarki ya sa liman ya yi abin da zan faɗa da hannunsa, don kada a ce na yi siddabaru. Ya ɗebi auduga ya jiƙa, ya dangwala a kan wutsiyar ra, ya ɗaga. Shuɗi. Ya sake wata ya dangwala a kan ɗigon nun, wanda ni na ɗiga, shuɗi. Ya sake ta uku ya ɗora a kan ɗigon da ya kore ka daga gida. Baƙi, Malam, ba ko alamar shuni. Baba ya karɓi audugar uku ya jera a tafin hannunsa ya zagaya da su gaban mutane. Ai ba a koya wa marini bambancin baƙi da shuɗi, sauran jama'a ma suna da ido.

Sarki ya tambayi hannun da takardar ta bi tun da ta bar gidanmu. Gardin da ya are ta ya ce shi malaminsa ya kai wa. Malam Sallau ya ce shi yadda ya same ta ya karanta. Can wani bafade ya ce ai damina ce, ƙila ƙuda ne ya sauka a wurin ya yi abinsa. Sarki ya ce lallai ƙuda ne. Kowa ya ce ƙuda ne. Haka aka tashi, an ɗora wa ƙuda ridda, ba a kuwa ba shi wa'adin tuba ba.

Ga hukuncin. Ba ka yi ridda ba, aure yana nan, ka dawo gidanka, wanda ya taɓa ka ya taɓa Sarki. Amma da sauran rina a kaba. Takardar za ta zauna a wurin Sarki, kuma wai don zaman lafiya kada a ƙara jin waƙa daga bakinka a kasuwa ko a ƙofar masallaci. Maganar alwalar marina an ce a bar ta sai malamai sun duba littattafai. An ce in isar maka, na isar. Ban ji an ambaci tsakar gidana ba, ban kuma ji an ce komai a kan hannuna ba, ga shi yanzu duk gari ya san shi.

Jiya Juma'a Baba ya sa babbar rigarsa ya shiga sahun gaba. Wanda ke damansa ya ɗan matsa ya bar fili tsakaninsu. Ba wanda ya ja shi. Ya dawo ya ci tuwo malmala biyu.

Saura shari'ata da kai. Yarinya ta ja mini hannu, gaskiya ne, amma a baiti na tara ne, na kuma kankare wurin na gyara kana tsaye kana kallon sama kana neman amsa-amo. Ban taɓa zargin hannuna ba ko sau ɗaya, shaida ce kawai ba ni da ita. Kai kuwa wata uku kana ɗauke da laifin da ka zaci nawa ne, ka bar gidanka, ka zama bebe, har za ka ƙone aikin shekara ashirin, ba ka ce mini ko kanzil ba sai bayan Babbar Salla. Na yi kuka da na gane haka. Da na gama kukan kuma na ji haushi, don ka yarda ni Kaltume zan ɗiga ɗigo inda ba wurinsa ba. Kukan na yafe maka, haushin sai ka zo.

Na share ɗakin. Na feƙe alƙalami uku, na dama tawada sabuwa. Ka bar Bebe a wurin Gwaggo, ka ce na gode mata, ka taho mini da mijina da bakinsa. Ka biyo ta Bande da rana tsaka. In ka iso ƙofar gida ka yi sallama da ƙarfi, yadda za a ji ka har bakin rijiya.

Haza wassalam. Ni ce Kaltume, da hannuna. Ka duba da kyau, kowane ɗigo yana wurinsa.